Jumare da Kwalayen Wasanninsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, tara ga Nuwamba 2024, Allah ya karɓi ran Dakta Jumare Gimba na unguwar Handsworth da ke Birmingham, a cikin jirgin ƙasa tsakanin Manchester da Birmingham. Zuciyarsa ce ta tsaya. Yana da shekara arba'in da huɗu. Daga gidana a Manchester ya fito, ni na raka shi tasha.

Jumare, kwalin wasa ne ya kawo ka Manchester ran nan, irin wasan allo da kati na yaran da, mai zanen barkwanci na tsofaffin jaridu. Tun muna ɗalibai a unguwar Selly Oak ta Birmingham kake tara su. Duk Lahadi kana kasuwar gwanjo, mu kuwa muna yi maka tsiya: ƙaton mutum da gemu yana farautar kayan yara. Sai daga baya ka ba ni labarin. Kuna ƙanana a Samaru wani malamin jami'a da zai koma ƙasarsu ya bar muku irinsu, kai da ƙaninka Ishaq. Ishaq bai kai shekara goma ba ya rasu, kwalayen kuma ruwan sama ya cinye su. Ka ce mini, "Duk wanda na samo, sai in ji kamar muna zaune a tabarma ni da shi." Ban sake yi maka tsiya ba.

Shekarar da 'yata Aliya ta kwanta da cutar sankarar jini, mutane sun zo dubiya, sun yi addu'a, sannu a hankali ƙafa ta ɗauke. Kai ne ba ka daina hawa jirgi ba. Wata rana ka zo da kwalin wasan da ka fi ji da shi, wanda ba a taɓa ɓare ledarsa ba, ko matarka Zubaida ba ka bari ta taɓa shi. Na ce, "Haba Jumare, wannan ai na ajiya ne." Ka ce, "Muhsin, don yara aka yi shi." Ka sa haƙori ka yage ledar. Yarinyar da ta daina magana saboda azabar magani ta yi dariya a ranar. Aliya ta warke, tana makaranta. Kai muka binne.

An yi jana'izarka cikin ruwa da sanyi. Mahaifiyarka tana Samaru, ba halin zuwa. Alfarma ɗaya ta roƙa: a kira ta a waya ta bidiyo, a riƙe mata a bakin kabari har a gama rufe ƙasa. Ni na riƙe. Sai na ji muryarta: "Muhsin, tsayar da hannunka in ga ɗana."

Ya Allah ka jiƙan Jumare, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya mahaifiyarsa, ga Zubaida, da 'yarsu Inaya wadda ba ta kai shekara shida ba. Allah ya ba ku haƙurin da mu kanmu muke nema, ya raya abin da ya bari. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.