Yadda Na Kai Amurka Argungu Na Dawo Kafin Magariba

Tun da aka ƙirƙiro alli da allo, ban san wata tafiya da makomar ilimi ta rataya a wuyanta ba kamar wadda na yi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a daminar bana. Kilomita hamsin ne da 'yan kai, kuma da takalmin roba na je.

Ga dalili. Malama Hassi, wadda muka yi kwalejin horon malamai tare, ta haura shekara talatin tana koya wa 'yan aji ɗaya karatu da ba-be-bi-bo-bu. Alhaji Garba, mai makarantar kuɗin da take aiki a Argungu, ya sayo kwamfutocin hannu guda ashirin, ya ce daga zango mai zuwa tsarin Amurka za a bi: yaro ya dubi hoto ya canki kalma. Malamin da bai iya ba, ya koma gida ya huta. Ranar Alhamis zai yanke hukunci a kan Hassi. Ni kuwa a gidana akwai Asma'u, ɗiyar ƙanena, malamar firamare a makarantar gwamnati can Amurka, ta zo hutu. Na ce tunda Amurka yake so, bari in kai masa ita har ofis.

Badariya, 5:50 na asuba

Ranar Alhamis ɗin, muna idar da salla muka hau Keke Napep daga unguwarmu Badariya zuwa tasha, naira ɗari biyar. Motar Argungu ba ta cika ba sai 6:45. Kujera dubu biyu da ɗari biyar, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Direban, wani baƙi siriri da ake kira Ɗanjuma, ya ji Asma'u ta amsa waya da Turanci ta hanci, nan take ya rage rediyo.

"Hajiya, can kuma mi malamai ka kuka da shi? Ba an ce komi kyauta na ba?"

"Albashi," in ji ta. "Akwai malaman da in an tashi makaranta sai su shiga tuƙin motar haya."

Ɗanjuma ya dube ta ta madubi ya daɗe. "Ashe abokan sana'a na nika ɗauke da su."

Zauro, 7:10

Fadama ta cika ta batse, shinkafa kore shar har inda ido ya gaji. A shingen 'yan sanda aka leƙo, aka gaishe mu, aka ce Allah shi kiyaye, Ɗanjuma ya amsa da hannu a dunƙule. Daga nan Asma'u ta shiga jero mana rigingimun makarantunsu. Ana gardama a kan hana yara waya a aji. Ana gardama a kan yawan jarrabawa, har malami ya bar koyar da karatu ya koma koyar da cin jarrabawa. Iyaye na cika zauren taro a kan littattafan da za a bari a laburare da waɗanda za a kwashe. Wasu kuma na son gwamnati ta ba su kuɗin karatun ɗansu su kai shi makarantar da suka ga dama.

"Ana faɗa a kan a kwashe littattafai?" na ce. "Ki ba su adireshina."

Ambursa, 7:30

Mun tsaya sauke buhun albasa. Ƙosai na ɗari uku da koko mai zafi, muka sha a tsaye. A nan na yi mata bitar abin da za ta faɗa, kamar yadda nake wa ɗalibai kafin zuwan mai duba makarantu.

"Baffa, gaskiya kawai zan faɗa."

"Ita nake so. Amma ki faɗe ta da wannan Turancin na hanci, shi ne hujjarmu."

Argungu, 8:25

Babur biyu suka kai mu makarantar. Tun daga ƙofa muke jin ajin Hassi na rera ka-ke-ki-ko-ku kamar masu daka. Ta fito da alli har a gefen mayafi, ta kama hannun Asma'u, ta dube ni.

"Malam, kai dai ba ka sake hali ba. Na ce ka yi mini addu'a, ka ɗauko mini baƙuwa."

Alhaji Garba ya karɓe mu da lemo mai sanyi. Kwamfutocin na jere a kan teburinsa cikin ledojinsu. Ya yi jawabin minti goma sha biyu a kan zamani, na duba agogo. Da ya gama, Asma'u ta ce, cikin ladabi, wannan hanya ta duban hoto a canki kalma ita ce ake ta rikici a kanta a can. Shekaru aka yi ana bin ta, sai aka lura yara da yawa sun iya canka, ba su iya karantawa ba. Yanzu jihohi da dama sun koma haɗa baƙi da wasali, ita kanta sai da aka mayar da ita kwas ta koyo.

"Wane irin kwas?" in ji Alhaji.

"Irin abin da Malama take yi a ajin can. Wata shida na yi ina koyonsa."

Muka ɗunguma ajin. Asma'u ta ɗauki alli ta rubuta kalmar da babu hotonta a kowane littafi: Zauro. Yara suka kama ta gaɓa-gaɓa, za, u, ro, sannan suka haɗe ta da ihu ɗaya. Ta rubuta Badariya, suka cinye. Hassi na tsaye jikin taga, ko murmushi ba ta yi ba, sai juya guntun alli take a tafin hannu.

Alhaji ya gyara hula. "To, Malama, ki ci gaba da abinki. Ashe tsarin Amurka kika yi tun tuni ba ki gaya muna ba."

"Ban sani ba, Alhaji. Da na ƙara kuɗi."

Hanyar gida, 2:40

Hassi ta ciyar da mu tuwon shinkafa da miyar kifi, ta ƙulle wa Asma'u busasshen kifi a jarida, wai ta kai wa malaman Amurka. Mun bar Argungu bayan azahar, ruwa ya tare mu kusa da Ambursa, muka shiga Badariya 4:15. A hanya na tsara yadda zan ba da labarin a majalisarmu: yadda hujja ta kayar da yayi, da hannun wanda ya kawo hujjar.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, sannan ga Ɗanjuma, da Asma'u wadda ta ba da aron hancinta.

Da la'asar sakaliya Hassi ta kira ta ji saukarmu. A nan take gaya mini Alhaji ya sauya shawara tun ranar Talata, da mai gyaran wuta ya zo ya zagaya neman inda za a riƙa cajin kwamfutocin. Duk makarantar soket ɗaya ne, kuma firij ɗin lemo ke kai.