Giyar da Na Zuba wa Ƙwaƙwalwar Motar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na tsaya da makaranta, kuma ko a gida ba a cika jin muryata ba. Amma ƙarshen watan nan Don Froilán Ticona zai rufe garejinsa na nan El Alto saboda idonsa ya yi rauni. Idan ya tafi da mummunan sunan da aka laƙaba masa, ni ce sila.

Ni ce Nélida, 'yar Severo Callisaya mai tasi, wadda ke sayar muku da miyar gyaɗa a bakin tasha. Daga inda nake aza tukunya ina hango ƙofar garejin. Tun sanyin safe yana yanka kunne Don Froilán ke buɗewa, ya cusa ganyen koka a kunci, ya hura tafin hannunsa. Ba ya taɓa mota sai ya saurare ta, sannan ya sunkuya ya shinshina. Direbobi, da ke kiransa Maestro, wato babban gwani, kan ce, "Maestro, miya ce?" Shi kuma ya ce, "Da miya ce ai da ba ka bar ta ta ƙone haka ba."

Ku tambayi Doña Casilda, wadda mijinta ya rasu ya bar mata bas. Gareji uku suka ce sai an sauke inji. Shi ya gano waya ɗaya ce ɓera ya gaigaye, ya ɗaure ta, ya ce ta yi sauri kada fasinja su ƙare.

Motar Baba tsohuwa ce, irin waɗanda ake kawowa daga Japan a mayar da sitiyarin hagu. Shekara uku da suka wuce ta soma mutuwa a tsakiyar gangaren La Paz. Don Froilán ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta gaji, wato ɗan akwatin ƙarfen da ke gaya wa inji yawan man da zai sha. Mako uku yana yawo a kasuwar Alhamis da lambar akwatin rubuce a hannunsa, har ya samo mai irin lambar. Ya saka ta a ƙarƙashin shimfiɗar ƙafar fasinja na gaba, don tun juyin sitiyari wayoyin ba sa wuce nan. Mota ta tashi lafiya lau.

Sai ga Talatar ch'alla, ranar da kowa ke yayyafa wa dukiyarsa giya don Uwar Ƙasa ta sa mata albarka. Baba ya ba ni kwalba. Na ɗaura furanni a madubi, na zuba wa tayoyi huɗu. Sai na ce a raina, sabuwar ƙwaƙwalwa ai ita ta fi kowa bukatar albarka. Na ɗaga shimfiɗar, na juye mata sauran. Ba wanda ya gan ni.

Washegari mota ta ƙi tashi. Muka tura ta gareji, direbobi suka taru.

"Maestro, gawa ka saka min a mota?" in ji Baba. "Mako uku kana nema, ashe a maƙabarta ka tono ta."

Don Froilán ya kwance akwatin, ya buɗe, ya kai hanci. Ya ɗago, sai idonsa ya sauka a kaina. Har lokacin akwai furen jiya a madubi.

"Laifina ne, Severo," ya ce. "Na ajiye ta ƙasa da yawa, danshi ya same ta."

Ya koma kasuwa, ya samo wata, ya ƙara tsawon wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure ta can sama inda ko ruwan wanki ba zai kai ba. Ita ce a motar har yau. Amma suna ya riga ya zauna: Mai Gawa. Wasu suka ɗauke motocinsu suka koma wani gareji. Shekara uku ina zuba wa mutane miya suna faɗin sunan a gabana, ina miƙa musu cokali.

Ran Larabar nan na tsallaka titi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Giya mai kyau ce kuwa, 'yata. Ba ki yi wa akwatin rowa ba."

Na ce, "Don Froilán, me ya hana ka faɗa?"

"A gaban direba ashirin? Ke da gaisuwa ma sai an matso ake jinki? Da kin sake fitowa da tukunya?" Ya goge hannu da tsumma. "Albarka kika yi niyya. Bar maganar."

Don Froilán, a wannan kam ba zan bi maganarka ba. Kai ne ka ji ƙamshin gaskiya a hancinka ka haɗiye ta saboda 'yar mutane. Kai ne ka gyara motar wanda ya zage ka, ka kuma gyara ta fiye da farko. Na gode. Ku kuma direbobi da masu koyon gyara, ku daina kiran sunan nan daga yau, kuma idan ɓarnar wani ta zo hannunku, ku dubi fuskarsa kafin ku ɗaga murya, kamar yadda ya dubi tawa.

A nan na ajiye biro ran Laraba. Washegari da safe, Baba ya tayar da mota, na tsaya a bakin tagar.

"Baba, ni na kashe ƙwaƙwalwar nan ta farko da Don Froilán ya saka."

"Da me?"

"Da giyar ch'alla."

Ya kashe inji. Sannan ya fito, muka tsallaka titi tare, ina gaba. A ƙofar gareji ya cire hularsa.

Don Froilán ya ce, "Severo, motar ce kuma?"

"A'a, Maestro. Ni ne."

Na bar su a tsaye, na koma na zubo miya kwano biyu.