Ranar da Aka Tare Ruwan Teku

Ni ba mai son tafiya ba ce. Ko kasuwar Bunkure sai an yi da gaske nake zuwa. Amma da 'yata ta haihu a Limbe, can ƙasar Kamaru, inda mijinta yake sayar da albasa, dole na ɗaura kaya, ni da maigidana Malam. Kwana uku muna cikin mota, ƙafafuna suka kumbura kamar doya.

Gari ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Bayansa wani ƙaton dutse ne da gajimare yake zama a kansa, sai ya ga dama ka ga samansa. Gabansa teku, da ƙananan tsibirai a ciki, duk bishiyoyi sun rufe su. Yashin bakin ruwan baƙi ne ƙirin, wai dutsen ne ya taɓa amayo wuta. Ana gasa kifi a jere, a haɗa maka da yaji da agada, babbar ayabar nan ta gashi. Ruwan sama kuwa ba ya sallama. Na shanya zanin jariri tun safe, da la'asar ya fi yadda na shanya shi jiƙewa.

Ruwan nan shi ya ɗauke hankalin Malam. Gonarmu a ƙarshen kanal ɗin ruwan noman rani take, sai na sama sun ƙoshi sannan ruwa yake iso mana, rabin rayuwarsa ya yi ta ne yana faɗa da masu toshe hanya da buhun ƙasa. Kwana biyar da zuwanmu na ji shi a tsakar gida yana cewa surukinmu ya nemo masa fili. Zai ba ƙaninsa gonar gida, mu dawo nan da zama.

Na san shi. In ya faɗi abu sau uku, ya zauna. Wannan shi ne na biyu.

To ni Allah ya ba ni kunne. Wajen sayen kifi na ji wata Bahaushiya tana cewa a bari sai ruwa ya ja, na tambaye ta, ta ce ai tekun kullum sai ya janye ya sake dawowa, haka Allah ya yi shi. Na tambayi lokacin na gobe, na riƙe a raina.

Washegari na ce, "Malam, ka raka ni in ga tsibiran nan da kyau, kada mu koma a tambaye ni in rasa abin faɗa."

Muka tafi da surukin. Inda ranar da muka zo muka ga ruwa yana dukan duwatsu, yanzu sai laka da ƙaguwa, jiragen masunta suna kwance a gefe ɗaya.

Malam ya tsaya. "Ina ruwan?"

"Na sama ne suka tare," na ce.

"Wane na sama? Teku ne fa."

"To tekun ba shi da sama? Tambayi yaron nan."

Surukina yaro ne mai kunya, bai taɓa haɗa ido da ni ba, balle ya ƙaryata ni a gaban mutane. Ya sunkuyar da kai yana tona yashi da takalmi.

"Kullum haka yake yi, Baba," ya ce. "Har sau biyu."

"Sau biyu. Kuma ba wanda yake magana?"

"Ba a magana, Baba."

Malam ya daɗe yana kallon lakar. Can ya ce a gida ko ba komai ya san sunan mai toshe masa ruwa, ya san ƙofar gidan ubansa. A nan baƙo wa zai kama? Kafin mu isa gida ya kira ƙaninsa a waya, ya ce a zuba irin tumatir a gobe, yana nan tafe.

Ana saura kwana ɗaya mu taso ya fita shi kaɗai bayan karin kumallo, bai dawo ba sai azahar, hularsa a jiƙe. Ashe zama ya yi a kan dutse yana gadin ruwan, har ya ga ya dawo da kansa, wani tsohon masunci kuma ya yi masa bayani yana dariya.

Sai da muka tsallako iyaka sannan ya tayar da maganar.

"Ke, wa kika ce ya tare ruwan?"

"Na sama, Malam."

"An riga an zuba iri," ya ce, ya juya wajen taga. "Da ba don haka ba."

Na miƙa masa busasshen kifi, ya karɓa bai dube ni ba. Tumatirin shekarar bai yi wani abin kirki ba, amma a ɗakina na ci shi.