Yatsun da Lemun Tsami Ya Cinye

Cikin ranakun aikin nan, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da na'ura ta ce Marisol ba ta da yatsu.

Kun san tsarin, amma bari in maimaita saboda masu gyangyaɗi a baya. Baƙo ya sauka Doha, sai mu mandub, wato masu yi masa zirga-zirgar ofisoshi, mu kai shi gwajin lafiya, daga nan ɗaukar hoton yatsu, sannan katin zama ya fito. Akwai wa'adi. In ya cika babu kati, magana ta koma ta jirgi.

Marisol 'yar Peru ce, ta kusa hamsin, wani gidan abinci a unguwar Ain Khaled ya ɗauko ta. Ofis ya ba ni ita saboda ni kaɗai ke jin Sifaniyanci, wanda na tsinta a Malabo, inda da shi ake magana, lokacin ina sayar da takalma. Na ce mata sunana Ɗanlami, ta ji "Don Lami". "Don" ɗin nan a wajensu kamar Alhaji ne. Haka na yi ta amsa sunan mata cikin girma da arziki.

Ta shiga ɓangaren mata, ina jira a waje. Ta fito fuska a haɗe. Duk yatsan da ta ɗora, na'ura ta kunna ja. Aka ce khalas, wato shi ke nan, ta dawo wata rana. Muka dawo, ja dai.

A mota na ce ta nuna min hannun. Sumul, kamar bayan cokali. Ashe sana'arta ɗanyen kifi ce, wanda suke jiƙawa a ruwan lemun tsami da gishiri, tun tana yarinya. Lemun ya cinye zanen.

"Don Lami, mayar da ni za su yi?"

"Ba yau ba. Amma ki rabu da lemo da wuƙa da wanke-wanke har zanen ya dawo."

"To in yi me?"

"Ki zauna."

Ta kalle ni kamar na zage ta.

Na je wajen manajan gidan abincin. Ya ce, "Ya Hajji, mai girki na ɗauko ko baƙuwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zama dai sai ta yi. Ka zaɓa, kujerar kicin ɗinka ko ta jirgi."

Ya yi tsaki ya ce yalla, wato a je a haka.

Na kai mata man kaɗen da uwargida ta aiko min saboda faso. Ta shinshina, ta tambaye ni me ya mutu a ciki. Amma ta shafa, ta sa safa a hannu, ta zauna bakin ƙofar kicin tana ba da umarni da haɓa. Rannan har kama ta aka yi a bayan firiji tana yanka albasa a ɓoye.

Ana gab da wa'adi muka koma. Ina waje ina jan carbi, sai ga ta a guje, ta ware min yatsu goma a fuska tana ihu, "Kore! Kore!" A Kano wannan daƙuwa ce, tagwaye ma. Ban taɓa karɓar daƙuwa da "Alhamdulillah" ba sai ranar.

Darasin da na ɗauka ke nan. Mutanen da muke tarba, aiki ya riga ya ci wani abu a jikinsu kafin su iso, kuma ba za su faɗa maka ba, don su kansu ba su lura ba. Kafin ka buɗe jakar takardun baƙo, ka fara duban hannunsa.