Ranar da Aka Ƙi Ɗaukar Babanmu

Da azumin shekarar 1981, da hantsi, abokan aikin Baba suka kawo gawarsa daga tashar jiragen ruwa a bayan mota. Buhun shinkafa yake ɗauke da shi ya yanke jiki ya faɗi. Ina tsugune a ƙofar gidanmu a unguwar Nuzla ta Jidda ina ɓare gyaɗar da Inna ke soyawa mu sayar bayan magariba. Suka shimfiɗe shi a tabarma, suka tafi, ba wanda ya dawo.

Sunanmu ne ya jawo. Ana kiranmu gidan Hazzuna, kuma tun kafin azumi wani mutumin Maroko a tashar ya ce a ƙasarsu Yahudawa kaɗai ke da wannan suna. Magana ta zaga unguwa, har yaran da muke carafke tare aka janye su. Yau ga gawa, ga zafin Jidda, Malam Sani, limaminmu mai wankan gawa, ya aiko cewa sai an bincika. Muka yi ta jiƙa zani muna rufa masa, ƙanƙarar da na roƙo a kantin Bayamane ta narke a hannuna kafin in iso.

Da la'asar ta gabato, Inna ta yafa mayafi ta tsaya a tsakiyar lungu, ta faɗi abin da ko mu ba ta taɓa gaya wa ba. Ta ce ƙwarai, Hazzuna Bayahude ne, maƙerin azurfa daga Tuwat, can cikin Sahara. Ya biyo ayarin raƙuma zuwa Kano, ya musulunta, ya auri Bakanuwa, ya ƙi sauya sunan ubansa. Jikansa ya tako da ƙafa zuwa Makka, shi ya haifi wannan da ke kwance. "Malam Sani, a bayanka yake sallar asuba! Kai kakanka da carbi aka haife shi? Yalla, ku ɗauke shi, ko mu mata mu ɗauka!"

Malam Sani ya fito kansa a ƙasa, ya ce a kawo ruwan wanka. Kafin a sha ruwa aka binne Baba.

Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya, na iya rubuta sunan da hannuna. 'Ya'yan ƙannena kuwa sun yar da shi, Hausawi suke amsawa, wai ya fi sauƙi wajen sabunta iƙama, takardar izinin zama. Ban ga laifinsu ba. Su ba su wuni suna kore wa ubansu ƙuda ba.