Yadda Muka Naɗa Yallaɓai Koci

Shekarun baya, ina ɗalibi a wata jami'a da ke unguwar Bloomsbury can ƙasar Turawa, aka ɗora mini horar da ƙungiyar ƙwallon ɗalibanmu. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne, ni kaɗai ne mai usur. Jami'a ta ba mu fili duk ranar Laraba, da sharaɗin kada mu ƙare a ƙasan tebur. Baturiyar da ke kula da wasanni ta faɗa mini haka tana murmushi, na kuma san murmushin ba zai hana ta ƙwace filin ba.

Matsalata ɗaya ce, wani bawan Allah da muke kira Yallaɓai. Darakta ne a wata ma'aikata a gida, ya zo yin digiri na biyu, shekarunsa sun doshi hamsin. Shi ya saya mana riguna da takalma, shi ke ɗaukar mana mota in za mu wasan waje, shi kuma ke buga lamba tara. Mutumin kirki ne wallahi, amma in aka ba shi ƙwallo sai ya tsaya yana duba ta kamar fayil ɗin da aka kawo masa ya sa hannu. A benci kuwa ga abokina, ɗan zangon Kumasi, wanda in ya ja ƙwallo sai dai a raka shi da ido.

Me ya hana ni yin canji? Duk Bahaushe ya san amsar. Yaro ba ya ɗaga hannu a bainar jama'a ya ce wa sa'an ubansa ya fito. 'Yan kallonmu kuwa su suka fi ba ni haushi. A waya sai su wanke ni tas, wai koci ba shi da ido, ranar Laraba kuma su ne a gaba wajen kirarin "sai Yallaɓai".

Da ya rage wasa ɗaya muna can ƙasa, abokina ya tare ni a bakin tashar tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. "Koci, ni ba fushi nake ba," in ji shi da Hausarsa ta zango. "Amma ƙafana yana sanyi a benci. In ba ka sa ni ba, filin nan ya tafi."

Sai na bi hanyar da aka koya mana, babba sai babba. Bayan Juma'a a masallacin unguwar Whitechapel na sami wani dattijon likita da muke kai wa ƙara, na zayyana masa komai. Ya kira wasu dattawa biyu, aka sha shayi, aka yi ta juya magana. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗana, babba ba a sauke shi, sai dai a ɗaga shi." Shawararsu ita ce a naɗa Yallaɓai koci, tunda koci a gefe yake tsayawa da kwat ɗinsa, ni kuma in koma mataimaki. Abin ya sosa mini rai, amma na yarda, har da yaba hikimar manya.

Aka yi 'yar walima, na miƙa usur da hannu biyu. Yallaɓai ya karɓa idonsa ya ciko, ya ce ba zai ba mu kunya ba.

Ranar wasa sai ga shi ya fito daga mota sanye da rigarsa mai lamba tara. Ya tara mu ya ce, "Na yi nazari sosai. Zan jagorance ku daga ciki." Na waiga wajen likita, na ga ya duƙufa yana duba wayarsa. Da can ko a takarda ina da ikon cire shi, yanzu kuwa mutum ɗaya ne a duniya ke da wannan iko, kuma yana tsakiyar fili yana haki. Abokina ya yi ta ɗumama jiki a gefe har aka tashi. Aka lallasa mu. Ranar Litinin Baturiya ta sanar da ni an yi cancel ɗin booking ɗinmu, an ba wasu filin.

A liyafar bankwana Yallaɓai ya yi jawabi, ya ce ya karɓi ƙungiyar a makare, tushen ya riga ya lalace. Kowa ya gyaɗa kai. Aka ce in rufe taro da addu'a, na kuwa rufe.

Tun daga lokacin, in na ji an kori kocin wata jami'a ba na saurin cewa bai iya ba, don na san sau da yawa ba shi ke zaɓen 'yan wasa ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, daga dattawa har 'yan kallo babu wanda bai san wanda ya kamata ya shiga ba. Abokina ya gama karatunsa ya koma gida, bai taɓa ƙwallo ko sau ɗaya da rigarmu a jikinsa ba.