Yadda Na Shaƙe Muryar Mahaifina Da Hannuna

A shekarun da intanet ta fara yaɗuwa a Madina, ni matashi ne ɗan Damagaram, sabon aure, ina aiki a wani shagon intanet a unguwar Ranuna, kusa da Masallacin Kuba. Don kawai na iya gyaran kwamfuta, gani nake babu ya ni a unguwar.

Masu zuwa shagon iri biyu ne. Akwai samarin unguwa da ke wuni suna wasanni, akwai kuma mutanenmu, teloli da direbobi da ma'aikatan otal daga Nijar da Cadi da Sudan, masu zuwa su yi magana da gida ta murya domin katin waya ya fi ƙarfin aljihunsu. Layin ɗaya ne, kuma siriri. Da samarin suka dame mu da ƙorafi, ni da iyayina na ba maigidana, mai shagon, shawara a ware wa wasanni babban rabo, a bar wa murya ɗan abin da ya rage, alhali kowa kuɗi ɗaya yake biya. Na saita da hannuna, shi kuma ya kulle da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Daga ranar, murya ba ta daɗewa sai ta yanke. Ka san Bahaushe da gaisuwa, kafin a gama ina gajiya a kai ga abin da ya kawo mutum, layi ya tafi. Wani tela ɗan Cadi ya taɓa ce mini, "Wallah ya akhi, da layin nan kuwayyis ne, lafiya lau, me ya same shi?" Na ce masa laifin ƙasarsu ne, ko kunya ban ji ba.

Ana nan sai matata ta haifi 'ya mace. A gidanmu kaka ne ke zaɓar sunan jikan fari, kuma da bakinsa yake faɗa wa uban. Ƙauyenmu babu waya, don haka ƙanena ya ɗauko Baba ranar kasuwa ya kai shi wani shagon intanet a Damagaram. Na nemi maigidan ya buɗe mini layin, ashe ya tafi gonar dabinonsa a Badar, wayarsa ba ta shiga. Haka na zauna inda telan nan ke zama. Baba ya fara da mai jego, ya koma kan zafin gari, ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ya ce in isar masa da sallama ga Manzon Allah. Na roƙe shi ya faɗi sunan tukuna, ya ce yaushe Madina ta koya mini katse babba. Muna cikin haka layi ya yanke. Muka sake haɗawa, Baba ya ɗauko gaisuwa daga farko. Har motar ƙauye ta tashi da su ban ji sunan ba.

Ranar suna na sa mata sunan surukata. Sai lokacin aikin Hajji wani alhajin garinmu ya gaya mini sunan kakata Baba ya yi niyya, wadda ta goye ni. Ranar na yi kuka. Baba kuwa ya ce shi da wannan sunan zai kira ta, mu je mu ji da takardunmu. Yau yarinyar na amsa suna biyu, tana kuma tsokanata da labarin.

Tun kafin alhajin ya zo na lallashi maigidan muka mayar da layin daidai ga kowa, na kuma nemi gafarar telan, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ina kira ga duk wanda Allah ya damƙa wa layin da jama'a ke bi, ƙaramin shago ne ko babban kamfani, kada ya zaɓi wanda zai wuce da wanda zai jira. Wanda za ka tsayar galibi shi ne ba shi da wata hanyar, kuma ba ka san abin da yake jiran ji ba.